«Sai haƙuri»: kalmomin dogara ga Allah a bakin Kiristoci Hausawa na Nijar

0. Gabatarwa

Maƙalar nan za ta duba wasu ƴan kalmomi da Kiristoci masu magana da Hausa a kudancin Nijar suke amfani da su wajen bayyana dogararsu ga Allah, ko a lokacin murna ko na wahala ko na rashi. Kalmomin su ne bangaskiya, bege, dogara, dangana da haƙuri. Abin da ya jawo hankalinmu shi ne, in aka juya su zuwa Faransanci, sau da yawa akan tattara uku na ƙarshe a ƙarƙashin kalma ɗaya, watau « résignation », daga nan kuma sai a yanke hukunci cewa Bahaushe, Musulmi ne ko Kirista, mutum ne mai naɗe hannu yana jiran ƙaddara. Muna ganin wannan fassara tana ɓoye abu mai yawa.

Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na mutanen Nijar ba bisa ga ƙidayar shekarar 2012. Saboda haka kusan duk maganar da suke yi game da Allah, da harshen da suka yi tarayya da maƙwabtansu Musulmi suke yin ta.

1. Taƙaitaccen tarihi

Mishan ɗin SIM, wadda aka kafa a 1893, ta buɗe tasharta ta farko a Nijar a Damagaram a 1924, sa'an nan ta zauna a Tsibirin Gobir kafin ƙarshen shekarun 1920. Asibitin Galmi ya fara aiki a 1950, wurin jinyar kutare na Danja kuwa a 1956. Daga wannan aiki ne ikilisiyar EERN ta fito a farkon shekarun 1960. Ƴan Katolika suna da nasu tarihi dabam, wanda ya fi jingina ga Faransanci da kuma baƙi ƴan ƙasashen bakin teku. Barbara Cooper ta bi diddigin Kiristocin Maraɗi a littafinta na 2006.

Abin lura a nan shi ne, Littafi Mai Tsarki da waɗannan Kiristoci suka karanta ba a Nijar aka fassara shi ba. Cikakkiyar fassara ta farko ta fito a 1932, da hannun Walter Miller na mishan ɗin CMS a ƙasar Zazzau da abokan aikinsa. Wata sabuwa ta biyo baya a 1979. Ke nan kalmomin addininsu da Hausar gabas suka zo, ko da yake bakin Gobirawa da Aderawa ne ya karɓe su.

2. Bangaskiya da bege

Masu fassara sun karɓi sunan Allah da Ubangiji ba tare da wata gardama ba, haka ma addu'a, zunubi, annabi da mala'ika. Amma da suka zo kan kalmar Helenanci « pistis » sai suka kauce wa « imani », suka ɗauki « bangaskiya », watau ba da gaskiya. Akwai abin mamaki a nan, domin tushen Larabcin da ya ba mu imani da amana da amin, ɗan'uwan tushen Ibrananci ne da ya ba da « emuna », kalmar Tsohon Alkawari mai nufin aminci da riƙon gaskiya. Watau kalmar da aka guje wa ta fi kusa da asali. Duk da haka zaɓin ya haifar da wani abu. Imani a kunnen Bahaushe yana tafe da shika-shikansa, abubuwa ne sanannu da ake lissafawa. Ba da gaskiya kuwa aiki ne da ake yi wa wani: ka ba da gaskiya ga mutum, ka ɗauki maganarsa, ka ba shi ajiya. Wannan ya dace da koyarwar mishan, wadda ta sa nauyi a kan dangantakar mutum shi kaɗai da Yesu.

Bege ya fi wuya. A Hausa ta yau da kullum, bege shi ne ɗoki da kewar wanda ba ya nan, kuma kowa ya san waƙoƙin begen Annabi. Kiristoci sun ɗora wa kalmar ma'anar « espérance », watau jiran abin da aka yi alkawarinsa tare da tabbacin zai zo. Fassarar 1979 ta fi karkata ga « sa zuciya », mai yiwuwa don gudun wannan ruɗani, amma a wa'azi da waƙa bege bai gushe ba. A ganinmu masu wa'azin sun fi masu fassarar gaskiya. Sa zuciya ana yin sa ga ruwan sama ko ga albashi. Bege kuwa yana ɗauke da zafin rabuwa, kuma a bakin kabari wannan zafin ne mutane suke ji.

3. Lokacin murna

Ba za mu daɗe a nan ba, domin bambancin kaɗan ne. Ana yin suna kamar yadda kowa yake yi, sai dai fasto ne ke addu'a. Sunayen da ake raɗa wa yara su kansu shaida ne: ban da na Littafi Mai Tsarki irin su Ishaya, Bulus, Rahila da Saratu, akwai Godiya, Alheri, Murna, Salama, Ƙauna. Da kaka akan kawo damman hatsi majami'a don godiya, matan zumunta kuma suna waƙa da kiɗa. Ka'idar da ke ƙarƙashin wannan duka ita ce, wanda ya koyi mayar da alheri ga Allah a ranar samu, shi ne zai iya kiran sunansa a ranar rashi.

4. Ayuba biyu

A nan ne maganar take da nauyi. Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 a kan mutumin kirki, ya lissafa haƙuri cikin halayen da Hausawa suke auna mutum da su. Karin magana ya ce haƙuri maganin zaman duniya. A gidan rasuwa kuwa kusan ba a faɗin wani abu sai shi: sai haƙuri, Allah ya ba da haƙuri, Allah ya ba da dangana. Kunya kuma tana ƙara ɗaure baki. Uwa ba ta nuna son ɗanta na fari a fili yana da rai, balle ta ɗaga murya a kansa in ya mutu. Kada mu manta da yawan jana'izar da ake magana a kai: binciken lafiya na ƙasa na 1992 ya nuna yara 318 cikin 1000 suna mutuwa kafin su cika shekara 5, a 2012 adadin ya sauka zuwa 127. Al'ummar da ta binne yara haka, ba abin mamaki ba ne ta mayar da shiru ya zama ladabi.

To, Musulmi da Kirista duka suna da Ayuba. A cikin Alƙur'ani, labarinsa ƴan ayoyi ne a surori na 21 da 38: bawa ne da cuta ta shafa, ya kai kukansa ga Ubangijinsa cikin ladabi, aka yaye masa, aka yabe shi da haƙuri. Ayuba na Littafi Mai Tsarki yana da babi 42, kuma in ban da biyun farko, ba mutum ne mai shiru ba. A babi na 3 ya la'anci ranar da aka haife shi. Daga nan ya yi ta jayayya da abokansa uku, waɗanda suka nace cewa lalle wani zunubi ne ya jawo masa masifa; ya nemi Allah ya fito su yi shari'a. A ƙarshen littafin Allah ya tsauta wa abokan, masu kāre shi, ya ce Ayuba ne ya faɗi daidai game da shi. Haka nan Zabura: wajen sulusinta kuka ne da ƙorafi, Zabura ta 88 ma ta ƙare ba tare da wata kalmar ta'aziyya ba.

Ke nan Kirista Bahaushe yana riƙe da littafin da ya ba shi izinin tambayar Allah dalili, yana kuma zaune cikin al'adar da take ganin wannan tambaya rashin ladabi ce, in ma ba saɓo ba. Wanne ya yi rinjaye? A fili, al'ada. Ayuban da aka fi ji a wa'azi shi ne na babi na 1 da na 2 da na wasiƙar Yakubu, mai jimiri, wanda da wuya a bambanta shi da na maƙwabta. Kukan yakan sami hanyarsa ta wani wuri, musamman a waƙoƙin mata da addu'ar dare, inda mace za ta iya faɗa wa Allah abin da ba za ta faɗa wa surukarta ba. Muna ganin nan ne ya kamata ɗalibai masu neman batun bincike su kai na'urar ɗaukar magana.

Sai kuma a lura cewa Helenanci ya raba abin da Hausa ta haɗa. « Hupomone » ita ce tsayawa daram ƙarƙashin kaya, abin da za mu kira jimiri ko daurewa. « Makrothumia » kuwa jinkirin fushi ne ga wanda ya yi maka laifi. Haƙuri yana ɗaukar duka biyun, ya kuma ƙara na uku, watau sallama abin da ba yadda za a yi da shi. Wannan na ukun kaɗai « résignation » take kamawa.

5. A bakin kabari

Akwai gaisuwa guda da ke raba hanya. Musulmi yana cewa Allah ya jiƙansa, Allah ya gafarta masa, ana kuma sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Ɗan Katolika ba shi da matsala da roƙa wa mamaci jinƙai, yana ma da ranar 2 ga Nuwamba domin haka. Amma ga Kiristan da ya fito daga koyarwar SIM, makomar mutum ta riga ta tabbata tun yana da rai, ta wurin bangaskiyarsa. Addu'a bayan mutuwa ba ta ƙara kome. Don haka addu'arsa takan juya ga masu rai: Allah ya ta'azantar da ku. Game da mamacin kuwa sai a ce ya huta, ko ya yi barci, ko ya tafi gida.

Wannan tabbaci shi ne babbar ta'aziyyarsu, kuma shi ne babban nauyinsu. Yawancin iyalan Kirista a Maraɗi da Tawa suna da dangi Musulmi. Wanda ya tuba shi kaɗai a gidansu, in mahaifiyarsa ta rasu, koyarwar da ke sanyaya zuciyar ɗan'uwansa a majami'a ba ta ba shi abin faɗi. A irin wannan hali ne ake jin dogara da ma'anarta ta asali, irin ta tsoho da sandarsa: an jingina ne domin ƙafa ba ta iya ɗauka.

6. Dogara da aiki

Zargin naɗe hannu bai tsaya ba ko ta fuskar Musulunci, inda aka san hadisin ɗaure raƙumi kafin tawakkali, ko ta fuskar karin maganar da ke cewa Allah ya ce tashi in taimake ka. Ta fuskar Kirista ma haka. Bayan yunwar 1984, aikin raya kututturan itatuwa a gonaki, wanda ake kira sassaben zamani, ya bazu daga wani shiri na SIM a Maraɗi ƙarƙashin Tony Rinaudo, manoma Musulmi ne kuma suka fi yawa cikin waɗanda suka ɗauke shi. Galmi da Danja su ma sun tsaya a kan cewa addu'a da allura ba kishiyoyi ba ne.

Ƙalubalen ya zo ta wani gefe. Daga shekarun 1990 majami'un Fentikos sun yawaita, suna wa'azin warkarwa da nasara da wadata. A bakinsu bangaskiya ta zama ƙarfin da ake kore wahala da shi, haƙuri kuwa har ya kan yi kama da raunin bangaskiya. Matasa da yawa sun ji daɗin wannan, kuma ba wuya a gane dalili. Sai dai koyarwar tana da haɗarin mayar da mu ga abokan Ayuba: in yaro bai warke ba, laifin wa?

7. Janairun 2015

A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, bayan zanen jaridar Charlie Hebdo, an ƙona majami'u a Damagaram da Yamai. Hukuma ta ƙidaya mutum 10 da suka mutu, da majami'u 45 a Yamai kaɗai. Tun a Nuwamban 2000 an taɓa ganin makamancin haka a Maraɗi lokacin zanga-zangar ƙin bikin FIMA. An kuma shaida Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a gidajensu. Shugabannin ikilisiya sun yi kira ga gafara.

Kalmar da suka zaɓa tana da muhimmanci. « Yi haƙuri » a Hausa ba gaisuwar makoki kaɗai ba ce. Ita ce kuma abin da mai laifi ke faɗa wa wanda ya cuta, da abin da babba ke faɗa wa ƙarami in yana so ya bar maganar haƙƙinsa. Wanda ba shi da ƙarfi an saba ce masa ya yi haƙuri, ko ya so ko bai so ba. Gafara kuwa mai haƙƙi ne ke ba da ita, kuma ba a yin ta sai an fara amsa cewa an yi laifi. Ƴan tsiraru da suka ce mun gafarta sun ɗauki matsayin mai bayarwa, a wurin da aka sa ran su zama masu karɓar lallashi. Mai fassara da ya sa « patience » ko « résignation » a gefen Faransanci na irin wannan magana ya sauya wanda ke da iko a cikin jimlar. « Pardon » ce kalmar, kuma ya kamata a bar mai aikin a inda Hausar ta ajiye shi.