Daren asibiti: Nauyin da ma'aikatan jinya ke ɗauka yayin da gari ke barci

Ƙarfe uku na dare a ɗakin kwantar da marasa lafiya. 'Yan dubiya sun watse tun bayan isha'i, likitan da ke bakin aiki yana can sashen gaggawa. Wadda ta rage a tsaye ita ce nas. Ita za ta canja ledar ƙarin ruwa da ta kusa ƙarewa, ta auna jinin wanda aka yi wa tiyata da rana, ta yi allurar ƙarfe huɗu, sannan ta rubuta komai a fayil kafin masu karɓarta su iso da safe.

A asibitocin gwamnati da dama a Najeriya, aikin jinya kashi uku ne: safe, yamma da dare. Na daren ya fi tsawo, yakan kai awa goma ko fiye, kuma shi ne ya fi ƙarancin hannu. Duk wani giɓi da asibiti ke iya rufewa da rana, da dare yake fitowa fili.

Abin da dare ke yi wa jiki

Jikin ɗan Adam yana da nasa agogon. Da duhu ya yi, ƙwaƙwalwa kan saki sinadarin melatonin mai janyo barci, kuma gab da asuba zafin jiki da kaifin hankali kan yi ƙasa. A daidai wannan lokaci ne nas ke lissafin adadin maganin da za ta ba jariri, inda kuskure kaɗan kan iya zama ajali.

Barcin rana ba ya maye gurbin na dare. Ya fi gajarta, ga zafi, ga hayaniyar unguwa. Idan matar aure ce, tana dawowa gida za ta tarar da girki da hidimar yara suna jiran ta.

A 2019, cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya aikin dare cikin jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa kansa.

Nas ɗaya, gadaje nawa?

Batun ya wuce lafiyar nas ita kaɗai. Wani bincike da mujallar The Lancet ta wallafa a 2014, wanda ya shafi asibitoci 300 a ƙasashen Turai tara, ya gano cewa duk ƙarin mara lafiya ɗaya a kan nas ɗaya yana ƙara haɗarin mutuwar wanda aka yi wa tiyata da kashi 7 cikin 100 a cikin kwana 30.

A Najeriya kuwa, hannun raguwa yake yi. A watan Fabrairun 2024, magatakardan Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma na lokacin, Faruk Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya kimanin 42,000 ne suka bar ƙasar cikin shekara uku, sama da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. Marasa lafiya ba su ragu ba. Gadajen wanda ya tafi, kan wanda ya zauna suke komawa.

Ga kuma matsalar wuta. Daga ƙarshen 2024 zuwa farkon 2025, asibitin koyarwa na UCH da ke Ibadan ya shafe sama da wata uku a yanke daga layin lantarki saboda taƙaddamar bashi. Idan haka ta faru da babban asibiti irin wannan, ba abin mamaki ba ne a ga nas a asibitin ƙauye tana neman jijiya da fitilar waya.

Ranar 30 ga Yulin 2025, ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma ta NANNM ta tsunduma yajin aikin gargaɗi na kwana bakwai. Cikin buƙatunta akwai ƙarin alawus na aikin karɓa-karɓa da ɗaukar sababbin ma'aikata. An dakatar da yajin aikin ranar 2 ga Agusta bayan cimma yarjejeniya da gwamnati.

Cike giɓi da 'yan wucin gadi

Inda ba a ɗauki ma'aikata na dindindin ba, da 'yan wucin gadi ake toshe ƙofa. A Najeriya ana kiran su 'yan lokom. Suna aiki kafaɗa da kafaɗa da masu takardar ɗauka, amma galibi kuɗinsu bai kai ba, kuma ba su da tabbacin gobe. Wasu ma'aikatan gwamnatin ma, da sun sauka daga aikin safe sai su wuce asibiti mai zaman kansa su kwana, domin albashi ɗaya ba ya kai su ƙarshen wata.

Waɗanda suka tsallaka Birtaniya sukan tarar da tsari mai ƙa'ida. A asibitocin hukumar NHS ta Ingila, nas da ta yi aiki tsakanin ƙarfe takwas na dare da shida na safe tana samun ƙarin kashi 30 cikin 100 a kan kuɗin awa, ranar Lahadi kuma kashi 60. Doka ta tanadi hutun awa 11 tsakanin tashi daga aiki da komawa.

Amma can ɗin ma hannu bai wadata ba. Shi ya sa asibitoci ke hayar ma'aikata daga kamfanonin dillancin aiki. Kuɗin awa a wajensu yakan fi na ma'aikaciyar dindindin, kuma nas ce ke zaɓar ranar da take so. Tsadar ta kai har gwamnati ta ƙayyade farashin a 2015.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Nas ɗin kamfani kan sauka a ɗakin da ba ta taɓa shiga ba, ba ta san inda ake ajiye magani ba, ba ta san marasa lafiyar ba. Ana iya soke mata aiki cikin ƙurarren lokaci. Wadda ta shiga ƙasar da bizar aikin lafiya kuma, awa 20 a mako kawai aka yarje mata ta yi a waje da babban aikinta.

Zaman tare a wurin aiki

Abin da ke sa dare ya yi sauƙi ko ya yi ɗaci, sau da yawa abokan aiki ne. Idan aka dace, ɗaya za ta riƙe ɗaki ɗaya ta yi sallah ko ta sa wani abu a cikinta. Idan ba a dace ba, ƙananan ma'aikata ne ke kwasar dutin dare da na ranakun Sallah, kuma wadda ta yi ƙorafi sai a ce ba ta da ladabi. Nas da ke tsoron tsawar babba ko ta likita za ta yi jinkirin buga waya da tsakar dare, jinkirin kuma a kan mara lafiya yake ƙarewa.

Jama'a na yawan kukan cewa nas-nas suna da faɗa, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma su ma suna shan nasu. Idan babu jini, babu iskar numfashi, babu likita kusa, nas ce a gaban 'yan uwan mara lafiya, a kanta ake huce haushi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin kashi 8 zuwa 38 cikin 100 na ma'aikatan lafiya kan fuskanci duka ko makamancinsa a tsawon rayuwar aikinsu.

Maganin ba ɓoyayye ba ne: a ɗauki isassun ma'aikata, a raba duti bisa adalci, a biya alawus a kan lokaci, a samar da wuta da tsaro da ɗakin hutu. Duk wanda ya taɓa kwana jinyar uwa ko ɗa ya san cewa da numfashi ya canja cikin dare, nas ake fara kira. Ko za ta iso da wuri, ya danganta da yawan gadajen da aka bar mata.