Hanyoyin Ƙaro Ilmi Ga Ma'aikatan Jinya

Nas-nas da yawa sukan ɓata kuɗi da shekaru a kan karatun da bai kai su inda suke nufi ba, saboda rashin sanin bambancin takardun shaida. Domin haka ya kamata ma'aikata da iyayen ɗalibai su fahimci waɗannan hanyoyi tun kafin a biya kuɗin makaranta.

Tushen Aiki

Ba wanda doka ta yarda ya yi aikin jinya a Nijeriya sai wanda ya yi rajista da Majalisar Kula da Aikin Jinya da Unguwarzoma, wadda aka kafa da Doka ta 89 ta shekarar 1979. Ana samun rajistar bayan an gama makarantar jinya da Majalisar ta amince da ita, ko kuwa bayan digirin farko na shekara 5 a jami'a, kuma a ci jarrabawar Majalisar. Jami'ar Ibadan ce ta fara buɗe sashen koyar da jinya, a shekarar 1965.

Hanyar Ƙwarewa a Gefen Gadon Majiyyaci

Nas mai rajista wanda yake son ya gwanance a fanni ɗaya yakan koma makarantar ƙaro ilmi ta shekara ɗaya zuwa wata 18. Fannonin sun haɗa da unguwarzoma, da aikin ɗakin tiyata, da ba da maganin sa barci lokacin tiyata, da jinyar yara, da ta ido, da ta masu taɓin hankali. Wanda ya gama yakan sami ƙarin rajista a wannan fanni. Amma wannan takarda ba digiri ba ce.

Hanyar Jami'a

Digiri na biyu yakan ɗauki wajen shekara 2, kuma sai mai digirin farko ake ɗauka. A nan ake zurfafa ilmi a fanni kamar lafiyar uwa da jariri, ko lafiyar al'umma, a kuma koyi yadda ake bincike. Shi ya fi dacewa da mai son koyarwa ko shugabancin ma'aikata. Digiri na uku, watau na dakta, bincike ne zalla na aƙalla shekara 3, kuma mai son zama babban malamin jami'a ba shi da makawa sai da shi. Nas wanda ya fito daga makarantar jinya sai ya fara neman digirin farko tukuna. Jami'o'i sukan ɗauke shi kai tsaye zuwa aji na biyu.

A Amurka akwai digirin dakta iri biyu: ɗaya na bincike, ɗaya na aikin asibiti. A can nas mai digiri na biyu ko na uku a fannin asibiti yana iya samun lasin duba marasa lafiya da rubuta magani, gwargwadon dokar jiharsa. Lasin ne yake ba da wannan iko, ba digirin kaɗai ba.

Abin Lura

Digiri daga jami'a yake fitowa, izinin aiki kuwa daga Majalisa. Saboda haka lalle ne kowane ɗalibi ya tabbata cewa Majalisar ta amince da makarantar da zai shiga, in jami'a ce kuma, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da kwas ɗin. Wanda ya yi karatu a makarantar da ba a amince da ita ba, ba za a yi masa rajista ba, komai yawan shekarun da ya yi.