Haɗuwar masoya a kan tudu: wane wasa za a yi, wane za a bari?

Shirin yau amsa ce ga wani saƙo da ya shigo mana daga Tozai, can cikin ƙaramar hukumar Illela a jihar Sakkwato. Mai saƙon ya ce suna da guruf na WhatsApp na magoya bayan ƙungiyar ƙwallo ɗaya, su wajen arba'in, wasu a Tozai, wasu a cikin garin Illela, wasu ma a tsallake, Birnin Ƙonni. Shekara biyu suna gardama a waya, da yawansu ba su taɓa ganin fuskar juna ba. Yanzu sun yanke za su haɗu a kan tudu su wuni tare. Matsalar ita ce kowa da abin da yake so a yi, har admin ya rufe guruf ɗin sau biyu.

To ɗan'uwa, ga yadda nake ganin abin.

Mu fara da shi tudun. Wanda ya san ƙasar Illela ya san ba irin duwatsun Jos ko Mambila gare mu ba, kuma ba irin Dutsen Dala na Kano ba ne da aka yi wa matakala. Namu tuddai ne masu shimfiɗaɗɗen kai, marmara da tsakuwa, gefensu na zamewa, inuwa kaɗan ce. Manyan suna can arewa cikin ƙasar Adar, jihar Tawa. Wannan kaɗai ya riga ya soke rabin jerin da ake gardama a kai. Ƙwallo a kan marmara? Faɗuwa ɗaya gwiwa ta tafi. Tseren saukowa daga tudu? A bar shi kwata-kwata. Wurin ne zai faɗa muku abin da zai yiwu, shi ya sa kafin a jefa ƙuri'a a kan komai sai mutum biyu ko uku sun je sun taka shi da ƙafarsu, tare da ɗan garin da tudun yake. Su duba ta ina ake hawa, ina inuwa, akwai fili mai yashi a gindi ko babu, kuma waya tana kama sabis ko ba ta kamawa.

Sai maganar da ba a son yi, amma dole. Tsaro. Duk wanda ke wannan yanki ya san halin da gabashin Sakkwato ke ciki da 'yan bindiga, kuma tun watan Nuwamban 2024 rundunar sojan Najeriya ta fito ta yi maganar Lakurawa, waɗanda aka fi jin motsinsu a wajejen Tangaza da Gudu. Matasa arba'in da babura da wayoyi a bayan gari ba ƙaramin abin jan ido ba ne. Don haka ni a wurina duk wani abu da ke buƙatar kwana a daji ya fita: babu tanti, babu hira a bakin wuta da dare, komai kyan da yake yi a bidiyon Turawa. Tudun ya zama wanda ake hango gari daga kansa. A je wa mai gari ko hakimi tun da wuri a gaya masa rana da yawan mutane, a sanar da 'yan banga. In suka ce a'a, to a'a ɗin ce, sun fi ku sanin abin da ya wuce ta wurin jiya da dare. Kuma don Allah kada wani ya saka suna da lokacin wurin a Facebook ko TikTok kafin a je, kada a yi layif daga can. Hotunan ba za su ruɓe ba, a saka su bayan kowa ya isa gida.

'Yan Ƙonni kuma su riƙe katin shaidarsu. An rufe iyakar nan bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024, kuma Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Garuruwan biyu kusan a manne suke, amma shinge shinge ne. Idan za a kai taron tsallake, misali wajen tudun Masallata kusa da Ƙonni, a tuna wuri ne da mutanen garin ke da al'adunsu na gargajiya a kai tun kaka da kakanni. Ba a shiga irin wannan wuri da sipika ba tare da an nemi izini ba.

Lokaci fa? Daga Maris zuwa Mayu zafi a Sakkwato yana haura digiri 40, marmara kuwa tana riƙe zafi kamar tanda. Da damina gindin tudu duk gonaki ne, ku taka wa mutum gero ku jawo wa kanku ƙara. Abin da ya rage shi ne bayan kaka zuwa tsakiyar hunturu, Nuwamba zuwa Janairu. A kauce wa Lahadi, ranar kasuwar Illela ce, rabin guruf ɗin suna can wajen nema. Juma'a kuma ta rabu biyu saboda masallaci. Asabar ce ta rage, kuma a nan ne masoya ƙwallo ke da tasu matsalar: ranar wasa ce. Da hunturu agogonmu yana gaban na Ingila da awa ɗaya, wasan da ake takewa ƙarfe 3 a can, ƙarfe 4 ne a nan. Wannan ma alheri ne. A hau da sassafe, a sauko bayan azahar, a ƙare a gidan kallo gaba ɗaya a kalli wasan tare. Kun ga babu mai ce wa kowa "ku tashi mu tafi", wasan ne zai kora kowa gida da rana tsaka. In kuma ƙungiyarku ce ke da wasan farko na rana, a duba jadawali a ɗauki wata Asabar ɗin.

Yanzu ga ainihin tambayar, me za a yi a can?

Abin da na lura da shi a irin waɗannan haɗuwa shi ne, mutane suna zaɓen abin da ya fi burge su, ba abin da kowa zai iya shiga ba. A cikin arba'in ɗin nan akwai mai shekara goma sha bakwai, akwai magidanci mai 'ya'ya huɗu. Akwai mai asma da ƙurar hunturu ke tayar masa, wataƙila akwai mai sikila, wanda sanyi da ƙishirwa da gajiya ke iya jawo masa ciwo mai tsanani, kuma ba lallai ya faɗa a guruf ba. Akwai mai baki a waya wanda in an haɗu kunya ke kama shi. To ma'aunina guda ne: mutum nawa ne za su tsaya kallo kawai? In sun fi masu yi yawa, wannan ba wasan taro ba ne, nuni ne.

Da wannan ma'aunin, kokawa ta faɗi. Na san zuciyar 'yan iyaka, mun tashi muna jin labarin gasar Takobi ta Nijar da aka fara a Tawa a 1975, kowa yana ganin kansa Isaka Isaka ne. Amma mutum biyu ke kokawa, talatin da takwas na ihu, kuma wanda aka kayar a gaban waya arba'in zai zama sitika a guruf har shekara ta zagayo. Mutanen da suka shekara biyu suna zolayar juna ba kokawa ya kamata ta zama gaisuwarsu ta farko ba.

Langa ta fi. Ba ta cin ko kwabo, a gindin tudu inda yashi yake ake yi, kuma kowa ya san ta tun yarinta: ka kama ƙafa ɗaya ta baya, ka yi ta tsalle da ɗayar, kowane ɓangare na kare ruwansa har ya kai sha. Daɗinta shi ne tana daidaita mutane. Mai ƙirar ƙarfi na iya faɗuwa a hannun siririn yaro, kowa ya yi dariya, babu wanda ya ji kunya. Sai dai a kula da yadda za a raba. Kada a yi 'yan Tozai da 'yan Illela, ko Najeriya da Nijar. A rubuta sunaye a takarda a zuba a hula a ja. Dalilin haɗuwar ke nan ai, wanda kake zagi a guruf ya zama shi ke tare maka hanya.

Ga waɗanda jikinsu ba zai ɗauki tsalle ba, dara. Rami talatin a ƙasa, layi biyar gida shida, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, wannan tsakuwa wancan kara. Ka jera uku ka ci ɗaya na abokin wasa. Tudun da kansa ya ba ku kayan wasan. Ana iya buɗe gidaje huɗu a lokaci guda a ƙarƙashin inuwa, wanda ya ci ya haɗu da wanda ya ci.

Sai kacici-kacici a kan ita ƙungiyar da ta haɗa ku. Wannan ne abin da ya bambanta taronku da yawon shan iska na kowa, don haka shi zan ba lokaci mafi kyau, bayan an hau an huta an sha shayi. Mutum biyu su shirya tambayoyi a ɓoye, su ba za su shiga gasar ba. A tara wayoyi a jaka ɗaya. A nan ne za ku ga shiru-shirun guruf, wanda bai taɓa turo komai ba sai "slm", yana lissafo 'yan wasan shekara goma da suka wuce har da lambar rigarsu. In guruf ɗinku ba na ƙwallo ba ne, na masoya finafinan Kannywood ne ko masu karanta littattafan Hausa, tsarin ɗaya ne, tambayoyin kawai za a canza.

Akwai wani abu kuma da nake so a gwada, wanda ban ga kowa ya kawo a jerin ba. Ku duba ƙasa. Masana ilimin duwatsu sun tabbatar da cewa miliyoyin shekaru da suka wuce teku ne ya rufe wannan yanki namu. Farar ƙasar da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti, ragowar wancan tekun ce. A wajen Goronyo an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa da ta ɓace daga duniya, har aka raɗa mata suna Goronyosaurus a 1972, sunan garin ke nan a ciki. A wasu tuddan, inda ruwa ya zaizaye gefe, akan ga bawon katantanwa da ya zama dutse. Ba kowane tudu ke da shi ba, amma rabin awa na "wa zai fara samu" ba ya cin kuɗi, kuma babba da yaro duk suna iya yi. A ɗauki hoto a bar abin a inda yake. Kuma kada a ɗaga dutse da hannu, a tura shi da sanda, don ƙarƙashinsa gidan kunama ne da kububuwa. In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, babu tsagawa, babu tsotsa, babu ɗaure wurin tamau. A kwantar da shi, a hana shi tafiya da ƙafarsa, a nufi asibiti. Shi ya sa babur ɗaya mai cikakken mai zai tsaya a gindin tudu, da makulli a hannun wanda kowa ya sani.

Abinci kuwa, a sauƙaƙa. Gashin rago a kan tudu yana da daɗin faɗa, amma yana cinye awa uku da mutum biyar da rabin kuɗin, ga wuta a cikin busasshiyar ciyawa da iskar hunturu. Dambu ko ɗanwake daga gida, ƙilishi, dabino, fura, butar shayi ɗaya a kan ɗan murhun gawayi. Ruwa kowa aƙalla lita biyu na sha, ban da jarkar alwala. Ledar ruwa kuma yadda ta hau haka za ta sauko, awakin garin ne ke cin ta.

Kuɗi shi ne inda guruf ke fashewa. A sa karo-karon da mafi ƙarancin hali zai iya biya, mai son ƙarawa ya ƙara a ɓoye. Kada a liƙa jerin waɗanda ba su biya ba. Rigar bai-ɗaya da ake ta magana, ni dai ban goyi baya ba a karon farko: wanda bai samu ya saya ba shi ne zai ce yana da uzuri ranar. Kuma tunda akwai masu biya da sefa, a tsayar da canji ɗaya tun farko a rubuta, mutum biyu su riƙe lissafi.

In akwai mata a guruf ɗin, a tambaye su kai tsaye abin da zai sa su iya zuwa, kada maza su yanke musu. Galibi amsar ita ce izinin gida, zuwa da 'yar'uwa ko yayansu, wurin zamansu daban, da kuma sharaɗin cewa babu mai ɗaukar hotonsu sai sun yarda. Kacici-kacici da dara suna shiga su yi nasara abinsu.

Ta yaya za a yanke? Ƙuri'ar WhatsApp tana da amfani, amma masu data da masu surutu ne ke fara dannawa, sauran su bi yarima. Ga abin da zan yi in ni ne admin. Kwana uku kowa ya turo shawararsa ta sirri, ba cikin guruf ba. Waɗanda suka je duba wurin su cire duk abin da tudun ko tsaro bai yarda da shi ba. Abin da ya rage, kada ya wuce biyar, a jefa ƙuri'a, kowa ya zaɓi biyu. A ɗauki babba ɗaya da ƙanana biyu, shi ke nan. Kada a cika jadawalin dam. A bar awa guda babu komai, don wanda kuka shekara biyu kuna sa-in-sa da shi sai ka zauna kusa da shi ka gano ashe ɗan ƙanwar kakarka ne daga Araba.

Ɗan'uwa na Tozai, in kun je kun dawo lafiya ka turo mana labarin wanda ya ci langa. Sauran masu tambaya, akwatin saƙo a buɗe yake. Sai shiri na gaba in Allah Ya kai mu.