Injin Markaɗen Unguwa

A da, amarya ba ta tarewa sai da turminta da dutsen niƙanta. Gida goma, dutse goma. Da injin markaɗe ya shigo unguwa, sai aka koma ɗora wa yaro bokitin wake a ka, ya je ya markaɗo.

Masu rubuta manhaja da harshen C ma hanyoyin nan biyu suke bi. Aikin da manhajoji da yawa ke buƙata, ko dai a ɗinke shi cikin kowacce daga fayil mai ƙarewa da .a, dutsen amarya ke nan, ko a girka shi wuri guda kowa ya riƙa aikowa, injin unguwa ke nan. A Linux sunan wannan kan ƙare da .so, a Windows kuwa .dll.

Girka injin ba wuya. Ka ce gcc -c -fPIC nika.c, sannan gcc -shared -o libnika.so nika.o. Amfanin -fPIC shi ne kada injin ya kafe sai a rumfa kaza zai tashi, domin kowace manhaja tana iya sauke shi a wani gurbi daban na ƙwaƙwalwar kwamfuta.

Inda sabon hannu ke shan wuya shi ne wajen aike. Ka haɗa manhajarka da -L. da -lnika, komai lafiya lau. Kana kunna ta sai ta ce ba ta ga libnika.so ba. Na taɓa kwana a kan wannan ina zargin kwamfuta, ashe laifina ne. Wanda ka yi wa kwatance lokacin haɗawa daban, yaron da ake aika lokacin kunnawa daban. Shi yaron, ld.so, bakin titi kawai ya sani, irin su /lib da /usr/lib, sai abin da ldconfig ya rubuta masa. Injin cikin lungu kuwa, sai ka sake kwatanta masa da LD_LIBRARY_PATH. In kana shakkar inda yake zuwa, ldd zai tona.

A 2014 da aka gano ɓarakar Heartbleed a OpenSSL, wanda manhajoji da yawa ke amfani da shi, masu inji guda gyara ɗaya suka yi, suka sake kunna manhajoji. Masu dutse sai da suka bi gida-gida. Sai dai ranar da mai inji ya sauya ƙarfe wake ya fito da tsaki, duk unguwa ba mai suyar ƙosai. Shi ya sa ake liƙa lamba a suna, a sauya ta idan sabon bai dace da tsohon ba. Ta libc.so.6, injin harshen C kansa a Linux, shidan nan tun 1997 ba ta motsa ba.