Faifan Garmaho da Faifan CD: Wanne Ya Fi Tsabtar Amo?

Tun da kamfanonin Sony da Philips suka fito da faifan CD a 1982 ake ta gardama a kan wanda ya fi, shi ko faifan garmaho. Alƙalin wannan gardama kuwa shi ne kunne.

A faifan garmaho, amo yana kwance cikin wani siririn tsagi mai lanƙwashe-lanƙwashe. Allura tana bin tsagin tana karkarwa, na'ura kuma ta mai da karkarwar sauti. Ƙura da karcewa su ke jawo ƙaras-ƙaras ɗin da akan ji, gogar allura kuma tana cinye faifan a hankali. A CD kuwa, akan auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, a adana shi cikin lambobi, sannan hasken leza ya karanta ba tare da gogayya ba.

Me ya sa 44,100? Lafiyayyen kunnen yaro yana jin karkarwar iska daga sau 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, ƙa'ida kuma ita ce awon ya zarce ninki biyu na wannan iyaka. Saboda haka CD ya fi kusa da sautin asali. Taushin da masoya garmaho ke yabo ɗan gurɓacewar amo ne mai daɗin ji.

Sai dai can cikin kunne akwai wani sashe mai siffar katantanwa, mai ɗauke da ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 15,000. Tsananin ƙara yana kashe su, kuma ba sa sake tohowa. Ɗalibin da ya saba ƙure muryar kiɗa a kunnensa, wata rana fayafayan biyu duk ɗaya za su zamar masa.