Kalmomi Biyu, Ma'anoni Barkatai: Yadda "Take Off" Ke Rikita Masu Koyon Turanci

Daga cikin abubuwan da suka fi ɗaure wa mai koyon Turanci kai akwai aikatau mai rakiya, wato kalmar aiki da ake jingina mata wata 'yar ƙaramar kalma, sai su biyun su haifar da ma'anar da babu ita a cikin kowace ɗaya daga cikinsu. Ɗalibin da ya tashi a Limanti, unguwar limamai da ke kusa da fadar Shehun Borno a Maiduguri, wanda yawanci ya iya Kanuri da Hausa tun kafin ya shiga aji, yakan haddace cewa "take" ɗauka ce, "off" kuma tana nuna rabuwa, amma da ya gamu da "take off" a jarrabawar WAEC ko NECO sai haddar ta gaza masa.

Ma'anar da ta fi kusa ita ce cirewa, kamar yadda mai salla ke tuɓe takalmi a ƙofar masallaci, ko magidanci ya cire hular zanna bukar ya ajiye. A nan aikatau ɗin so-karɓau ne, ma'ana yana bukatar abin da aikin zai faɗa a kansa, kuma ana iya raba kalmomin biyu a sa sunan abin a tsakiya. Idan kuwa wakilin suna ne, rabawar ta zama dole, shi ya sa "take it off" yake daidai, "take off it" kuwa kuskure ne da malamai ba sa yafewa. Daga wannan cirewar ce aka samu ragin da ɗan kasuwa ke yi wa mai saye a Kasuwar Litinin, da kuma hutun da ma'aikaci ke ɗauka.

Idan babu karɓau, ma'anar takan koma tashi: jirgin da ya bar filin jirgin Maiduguri zuwa Abuja, ko mutumin da ya arce ba sallama, ko sana'ar da ta kankama har ciniki ya buɗe. Wannan ta ƙarshe ta samu gindin zama a Turancin gwamnatin Najeriya, inda ake kiran kuɗin da ake ba sabuwar makaranta don ta fara aiki "take-off grant".

Abin mamaki shi ne Bahaushe bai kamata ya ga baƙon abu a nan ba, tunda da kalmar "ci" kaɗai yana cin tuwo, ya ci kasuwa, ya ci bashi, ya ci jarrabawa, wani ma ya ci amana, kuma ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya tattara irin waɗannan da yawa. Malamin da ya fara darasinsa da "ci" kafin ya kai ga "take off" ya fi mai sa yara haddar jerin ma'anoni hikima.