Baƙin Allo Da Farin Rubutu: Yadda Masu Aikin Kwamfuta Ke Rina Taminal

Mutum yakan shiga shagon gyaran kwamfuta a Ikeja, ko ofishin samarin nan masu rubuta manhaja a Yaba, ya ga baƙin allo a gaban ma'aikaci, rubutu fari ko kore yana ta gangarowa, sai ya zaci na'urar ce ta lalace. To, lafiyarta lau. Wannan ita ce taminal, watau tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni da haruffa kai tsaye, ba tare da danna hoto ba. Akwai 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal da suka kama wannan sana'a, kuma mai yinta yakan wuni yana kallon tagar nan, wani lokaci har ya raba dare. Saboda haka launin da ya sa mata ba abin wasa ba ne.

Tun asali babu wanda ya zaɓi baƙi. Taminal ta farko kamar keken rubutu take, a kan takarda take buga amsa, irin Teletype 33 da ta fito a 1963. Da aka koma allon gilashi irin na tsohuwar talabijin, inda harafi yake nan kaɗai ake haskawa, sauran allon ya zauna da duhunsa. Haka IBM 3270 ta 1971 take da koren rubutunta, haka kuma VT100 ta kamfanin DEC ta 1978, wadda har yau tagogin taminal ke kwaikwayon yadda take karɓar umarni. Farin allo daga baya ya zo, da Xerox Alto a 1973 da kuma Macintosh a 1984, don a sa allo ya yi kama da takardar ofis. Watau dai farko allon makarantar boko aka yi, mai alli, kana aka koma na makarantar allo, mai tawada.

Ga yadda rinin yake. Taminal tana da launuka 8 na asali, kowanne da ɗan'uwansa mai haske, sun zama 16 ke nan. Daga baya aka kai su 256, yau kuwa galibin tagogin suna iya nuna 16,777,216. Amma yawancin manhajoji har yanzu da 16 ɗin nan suke aiki. Idan manhaja za ta nuna kuskure, cewa kawai take yi a sa ja, ba ta faɗin wane irin ja. Taminal ce ke zaɓa daga jerin da mai ita ya ba ta. Saboda haka wanda ya sauya jerin nan, da launin bayan allo, da na rubutu, ya sauya kamannin kome da kome a tashi ɗaya. Kowane launi da alama shida ake rubuta shi: 000000 baƙi ne ƙirin, FFFFFF kuwa fari fat.

Sauyawar ba ta da wuya. Mai Windows Terminal, wadda ta fito sosai a 2020, sai ya shiga wurin saiti ya zaɓi tsarin launi, zai tarar da Campbell da One Half Dark da wasunsu a shirye. A tsohuwar tagar cmd kuwa, rubuta color 0A ya isa ya ba da kore a kan baƙi. Mai Mac yana da Pro da Homebrew a cikin Terminal ɗinsa. Wanda ba shi da kwamfuta sai waya mai Android, yana koyo da Termux, launukansa na cikin wani fayil mai suna colors.properties.

Cikin tsare-tsaren da suka yi suna akwai Solarized, wanda Ethan Schoonover ya fitar a 2011, da Dracula, na wani ɗan ƙasar Brazil mai suna Zeno Rocha, a 2013. Abin lura shi ne duk cikinsu babu mai baƙi ƙirin. Bayan allon Solarized 002B36 ne, shuɗi mai duhu da ɗan kore-kore, na Dracula kuwa 282A36. Dalili, farin rubutu a kan baƙi wuluk yakan yi ƙyalli ya soki ido cikin dare. Amma kuma idan aka rage bambancin ya yi yawa sai rubutu ya nutse, kuma wannan ne kukan da wasu ke yi da Solarized. Ƙa'idar WCAG, wadda aka tsara don shafukan intanet, ta ce hasken rubutu da na bayansa su bambanta da aƙalla 4.5 bisa 1, kuma ma'auni ne mai kyau ga taminal ma. Launin da ya fi ba da wahala shi ne shuɗi. Har Microsoft sai da ya sake launukan tagarsa a 2017, domin tsohon shuɗinta ba ya karantuwa sosai a allunan zamani.

Ana yawan cewa baƙin allo yana kare ido. A nan sai a yi hattara. Binciken da aka yi a jami'ar Dusseldorf ta ƙasar Jamus a 2013 ya nuna mai lafiyayyen ido ya fi karanta baƙin rubutu a kan fari daidai. Idan allo ya yi duhu ƙwayar ido takan buɗe, gefen haruffa ya ɗan dushe, kuma abin ya fi damun wanda ke da matsalar gani dishi-dishi. Amfanin baƙin allo yana fitowa ne a ɗaki mai duhu, kamar sa'ad da wuta ta ɗauke, mutum yana aiki abokan kwana suna barci. Wanda yake zaune a rumfar kasuwa da tsakar rana, hasken waje na dukan allonsa, fari ya fi masa. Mai hankali sai ya ajiye tsari biyu, na rana da na dare.

Batun batir ma haka yake. Allon LCD fitila gare shi a baya, tana kunne ko allon baƙi ne ko fari, saboda haka babu wata riba ta a zo a gani. Allon OLED ne kowane ɗigo ke ba da haskensa, baƙi kuwa ya mutu. Masu bincike a jami'ar Purdue ta Amurka sun auna wayoyi irin waɗannan a 2021, suka ga idan hasken allo yana kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, wutar da ake tsimi kashi 3 zuwa 9 ce kawai. Sai an ƙure hasken take kaiwa kashi 39 zuwa 47.

Inda launi ya fi ƙarfin kwalliya shi ne wajen rarrabe na'urori. Ma'aikaci yakan buɗe taga biyu ko uku, ɗaya ta gwaji, ɗaya ta babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan jama'a, dukkansu baƙaƙe iri ɗaya. Ran 31 ga Janairu 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab, bayan ya daɗe yana aiki har dare, ya ba da umarnin shafewa a kan ainihin rumbun bayanai, yana zaton na biyun ne. Kafin ya tsai da shi kusan gigabait 300 sun tafi, kuma ayyukan kamar awa shida ba su dawo ba. Cikin gyare-gyaren da kamfanin ya lissafa har da sauya layin da ke jiran umarni, wanda ake kira PS1, yadda kowace na'ura za ta fita daban. Shi ya sa ƙwararru da dama kan sa wa tagar babbar na'ura jan baya mai duhu, su bar ta gwaji da baƙinta.

Mai neman tsari a intanet kada ya kwafo dogon umarnin da bai gane ba ya liƙa a taminal don an ce zai ƙawata ta, domin abin da aka liƙa can yana da ikon taɓa duk fayilolinsa. Lambobin launi kawai yake bukata. Haka kuma in ya sauya salon haruffa tare da launi, sai ya rubuta ɓ da ɗ da ƙ ya gani. Idan 'yan akwatuna suka fito a madadinsu, salon ba shi da haruffan Hausa, sai ya nemi wani.